Yadda ake gano matsalar netwok idan kwantenar Proxmox ta ƙi hawa intanet

Wannan na masu sabar ne da suka ɗora Proxmox suka buɗe kwantenar LXC, wato ƙaramin tsarin Linux da ke zaune a keɓe a cikin sabar, kwantena ta tashi lafiya lau amma ta ƙi fita intanet, ko kuma tana fita amma daga waje an kasa samunta. Ko LXC zalla kake amfani da shi yawancin abin zai yi maka aiki, umarnin pct ne kawai na Proxmox. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu, kar ka fara canje-canje baka san inda saƙon yake tsayawa ba. Kwantena bata da katin netwok nata, wani kebul na ƙarya ake haɗa mata mai baki biyu, baki ɗaya a cikinta sunansa eth0, ɗayan yana jikin babbar na'urar da take zaune a kai, wadda zan riƙa ce wa uwa, da suna irin veth101i0. Wannan bakin a soke yake a gada vmbr0, wato kamar suwic na ƙarya a cikin uwa, gadar ta haɗu da katin gaske, daga nan sai rawuta sai intanet. Toh aikinka ka bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya kaga a wacce aka tsaya.

Kayan da zaka tanada

Na farko kuma mafi muhimmanci, hanyar shiga uwa wadda bata dogara da netwok ɗin da zaka taɓa ba. In sabar tana ofis ɗinka ka jona mata allo da kibod. In ta haya ce a Jamus ko Faransa ka tabbatar kasan yadda ake buɗe konsol ɗin nesa na kamfanin, ko iDRAC in Dell ce, ko iLO in HP ce, tun kafin ka fara ba sai ka kulle kanka a waje ba sannan ka hau neman faswod.

Sai takarda da biro, eh takarda, ka rubuta lambar kwantena (zan yi misali da 101), adireshin IP da ya kamata ta samu, lambar bayan sandan nan kamar /24, getwe wato adireshin da ake bi a fita waje, da DNS wato mai juya suna ya zama adireshi. Sai ka sa wa uwa waɗannan:

apt install tcpdump iputils-arping dnsutils

Sannan ka ajiye kwafin fayil biyun da za'a taɓa:

cp /etc/network/interfaces /root/interfaces.tsoho
cp /etc/pve/lxc/101.conf /root/101.conf.tsoho

In sabar a gida ko ofis take kuma ba inbata ko UPS, dan Allah kar ka fara gyaran fayil ɗin gada lokacin da kasan wuta na wasa.

1. Fara da uwa

Kafin ka zargi kwantena ka tabbatar ita uwar tana hawa. A kanta ka buga ping -c 3 1.1.1.1 sannan ip route. In ita ma bata fita toh matsalar bata kwantena bace. Abin da yafi kawo wannan shine sunan kati ya canza, misali an ƙara katin NVMe ko wani kati a cikin akwatin, enp3s0 ya koma enp4s0, amma layin bridge-ports a /etc/network/interfaces yana nan da tsohon suna. Buga ip -br link kaga sunan yanzu, ka gyara shi duk inda ya fito a fayil ɗin, sai ifreload -a.

2. Shiga ciki kaga me ta samu

Ba sai da SSH ba, daga uwa kawai:

pct enter 101
ip -br a
ip route

Abu uku kake nema. eth0 yana UP? Yana da adireshi? Akwai layin da ya fara da default via? In ba adireshi kuma DHCP ka sa mata, toh ko dai ba mai raba adireshi a wannan gadar ko kuma roƙon baya kaiwa. Hanya mafi sauri ka bata adireshi tsayayye na ɗan lokaci kaga ko zata yi magana da rawuta, in tayi kasan matsalar DHCP ce ba ta hanya ba. Ni dai shawarata duk kwantenar da zata yi hidima a bata adireshi tsayayye tun farko, wanda yake wajen zangon da rawuta ke rabawa. Saboda in an ɗauke wuta aka dawo da ita sabar na iya riga rawuta tashi ko rawuta ta sake rabo, da safe kaga manhajar ofis ta ɓata alhali tana nan, adireshi ne kawai ya sauya.

Wani abu da ke cin mutane anan, sa IPv6 a DHCP alhali netwok ɗin ba mai raba IPv6. Kwantenar Debian sai ta tsaya jira, ta daɗe bata gama tashi ba, wani sa'in har IPv4 ɗin ya shafa. In baka amfani da IPv6 ka barshi a Static ba tare da ka rubuta komai ba.

3. Gwada abin da ke ciki da abin da Proxmox ya sani

Fita ka koma uwa ka buga pct config 101, ka duba layin net0. Zai yi kama da haka:

net0: name=eth0,bridge=vmbr0,hwaddr=BC:24:11:AA:BB:CC,ip=192.168.1.50/24,gw=192.168.1.1,type=veth

Karanta shi a hankali harafi harafi kana gwadawa da takardarka. /24 ne ko an rubuta /32? gw ɗin a zango ɗaya yake da ip? bridge ɗin shine wanda ke haɗe da katin gaske? Akwai tag= da ba kai ka sa ba?

Ga gargaɗi babba. Kar ka shiga cikin kwantena ka gyara /etc/network/interfaces na Debian ko /etc/systemd/network/eth0.network na Ubuntu da hannu, domin duk tashin da zata yi Proxmox zai sake rubuta su daga wancan layin net0. Zaka ga gyaranka yayi aiki yau, gobe an sake kunnawa ya tafi, ka zauna kana tunanin aljanu. Gyara a shafin Proxmox ɓangaren Network na kwantenar, ko da pct set. In da pct set zaka yi ka kwafo layin gaba ɗaya har da hwaddr, in ka bar shi za'a ƙirƙiro mata sabon MAC, wato lambar shaidar katin netwok, kuma a sabar haya wannan kaɗai ya isa ya yanke ta. In kuma lallai kana da dalilin riƙe fayil ɗin da kanka, ka ƙirƙiri fayil wanda ba komai a ciki mai suna .pve-ignore.interfaces a cikin /etc/network/, Proxmox zai ƙyale maka shi.

4. Ping hawa hawa

Koma ciki. Ka bi su a jere kar ka tsallake:

ping -c 3 adireshin uwa
ping -c 3 adireshin getwe
ping -c 3 1.1.1.1
ping -c 3 debian.org

Inda aka fara faɗuwa nan ne aikinka. Uwa bata amsa ba, je mataki na 5. Uwa ta amsa getwe ya ƙi, 5 da 6 da 7. Getwe ya amsa 1.1.1.1 ya ƙi, 7 da 8. Lambobi na amsawa suna ne ya ƙi, tafi 9 kai tsaye kar ka taɓa gada ko kaɗan.

Bayan ping ɗin getwe ka buga ip neigh. In kaga REACHABLE ko STALE da MAC a gefe toh sun ga juna. In FAILED ko INCOMPLETE ne, ko sallama basu yi ba, kuma ba maganar DNS ko NAT na mataki na 7 bace tukuna.

In kuma abin yana yi yana yankewa, minti biyu lafiya minti biyu shiru, fara zargin na'ura biyu masu adireshi ɗaya. Yana yawan faruwa bayan an kwafi kwantena aka manta ba'a canza IP ba, ko an dawo da ajiya aka kunna ta tare da ta asalin, nan har MAC ɗin iri ɗaya ne sai in ka danna Unique wajen dawowa. Kashe kwantenar, daga uwa ka buga arping -D -I vmbr0 -c 3 192.168.1.50, in wani ya amsa ka kama ɓarawo.

5. Duba gada

A uwa, bridge link zai nuna maka duk abin da ke soke a kowace gada. Ya kamata kaga katin gaske da veth101i0 duk a vmbr0. In an kunna fayawol a katin kwantenar zaka ga ƙarin sunaye, fwbr101i0 da fwpr101p0 da fwln101i0, kar ka tsorata, ƙaramar gada ce Proxmox ke sakawa a tsakiya don tace saƙo.

In kana amfani da VLAN, wato raba netwok ɗaya gida gida da lamba, dole abu uku su yarda da juna, tag ɗin kwantena, saitin VLAN na gadar irin bridge-vlan-aware yes, sannan ramin suwic ɗin da kebul ya shiga ya yarda da wannan lambar. Galibi na ukun ake mantawa tunda shi ba a Proxmox yake ba.

Sai maganar wayafai. Masu koyo da yawa tsohon laftof suke ɗora wa Proxmox su haɗa shi da MiFi ko hotsupot na waya, sannan su sa katin wayafai a bridge-ports. Ba zai yi ba. Wayafai na yau da kullum baya yarda na'ura ɗaya ta turo saƙo da MAC ɗin wasu. Ko ka nemo rawuta mai ramin kebul ka jona, ko in babu kayi NAT irin na mataki na 7, ka sa sunan katin wayafai a madadin vmbr0 a dokar fita.

6. tcpdump, mai raba gardama

Nan ne ake daina hasashe. Buɗe taga biyu, a ɗaya ka bar ping yana tafiya daga cikin kwantena zuwa getwe, a ɗayar kan uwa ka saurara tasha tasha:

tcpdump -ni veth101i0 arp or icmp
tcpdump -ni vmbr0 arp or icmp
tcpdump -eni enp3s0 arp or icmp

Ba'a ga komai a veth ba, matsalar a cikin kwantena take. An gani a veth ba'a gani a vmbr0 ba, fayawol ne ko gadar da ba ita ba. An ga tambaya tana fita ta katin gaske, who-has kaza kaza ana ta maimaitawa ba amsa, toh naka yayi daidai, wanda ke gaba ne ya toshe kunne, suwic ko rawuta ko kamfanin haya. Amsa na dawowa katin gaske amma bata isa veth ba, koma kan fayawol da VLAN. Wallahi minti biyar da tcpdump yafi awa uku na sake kunna na'ura da fatan alheri.

7. Sabar haya da maganar MAC

Wannan ya kamata a tsaya a kansa domin abin da ke aiki a ofis baya aiki a can. A ofis rawutarka bata damu da wa ya shigo ba. Kamfanonin haya irin Hetzner da OVH kuwa suwic ɗinsu MAC ɗin sabarka kawai ya sani, in kwantena ta fito da baƙon MAC ba za'a kula ta ba, Hetzner ma wasiƙar gargaɗi suke turowa in suka ga MAC da basu bada izininsa ba, in ba'a gyara ba su iya rufe sabar. Don haka kar ka soka kwantena a vmbr0 na sabar haya da wani adireshi da ka ƙirƙira kace gwaji kake.

Hanya biyu ce. In ka sayi ƙarin IP, ka shiga shafin kamfanin ka nemi MAC na wannan IP ɗin, a Hetzner cikin Robot ake yi, a OVH suna ce masa virtual MAC, ka kwafo shi ka sa a hwaddr. A OVH ƙarin IP ɗin da /32 ake sa shi kuma getwe ɗin a wani zangon daban yake, ka ɗauko shi daga bayanan sabarka kar ka yi kintace. Proxmox yakan ƙara wa kwantena hanyar zuwa irin wannan getwe da kansa.

In kuma IP ɗaya gareka, wanda shine halin yawancinmu tunda kuɗin waje ake biya, sai NAT, wato kwantena ta riƙa fita da adireshin uwa. Ka ƙara gada ta cikin gida a /etc/network/interfaces:

auto vmbr1
iface vmbr1 inet static
    address 10.10.10.1/24
    bridge-ports none
    bridge-stp off
    bridge-fd 0
    post-up echo 1 > /proc/sys/net/ipv4/ip_forward
    post-up iptables -t nat -A POSTROUTING -s 10.10.10.0/24 -o vmbr0 -j MASQUERADE
    post-down iptables -t nat -D POSTROUTING -s 10.10.10.0/24 -o vmbr0 -j MASQUERADE

Sai ifreload -a, ka maida kwantena kan vmbr1 da ip=10.10.10.2/24 da gw=10.10.10.1. Kar ka sa wa vmbr1 layin gateway, uwa getwe ɗaya take buƙata. Kuma ka kula da -o ɗin nan, dole ya zama inda adireshin waje na uwa yake zaune, in a kan enp3s0 yake kai tsaye ba vmbr0 ba toh shi zaka rubuta. In bai yi ba ka duba cat /proc/sys/net/ipv4/ip_forward ya nuna 1, sannan iptables -t nat -L POSTROUTING -nv kaga ko lambar pkts tana ƙaruwa lokacin da kake ping. Tana sifili, dokar bata kama komai.

Wani tarko, NAT yana aiki sumul sai ka danna Firewall a katin kwantena komai ya mutu. Maganinsa layi ɗaya ne a ƙarƙashin vmbr1:

    post-up iptables -t raw -I PREROUTING -i fwbr+ -j CT --zone 1

8. Fayawol, da Docker

Fayawol ɗin Proxmox hawa hawa ne, akwai na Datacenter, na uwa, na kwantena, ga kuma ɗan akwatin da ke kan net0. In an kunna na kwantena, shigowa a rufe take sai abin da ka buɗe da kanka, fita ce a buɗe. Gwaji mai sauri shine pve-firewall stop, ka sake ping, sannan nan take pve-firewall start kar ka bar sabar tsirara a intanet ka tafi sallah. In da tsayawarsa abu ya gyaru ka buɗe /etc/pve/firewall/101.fw ka karanta, ka kuma duba ipfilter, in a kunne yake kwantena bata iya fita da adireshin da ba nata ba.

Docker kuwa, in wani ya ɗora shi kai tsaye a kan uwa, yana maida dokar FORWARD zuwa DROP ba tare da ya tambayi kowa ba. Buga iptables -S FORWARD, in layin farko -P FORWARD DROP ne ga mai laifin nan. Ana iya lallaɓawa da dokoki a sarkar DOCKER-USER, amma ra'ayina a cire shi daga uwa a bashi tasa VM, wato cikakkiyar na'urar ƙarya. Kuma ka sani Docker 172.17.0.0/16 yake ɗauka, in netwok ɗin ofis ɗinku na amfani da wannan zangon za'a yi karo.

9. DNS

In lambobi na amsawa suna ya ƙi, ko apt update na cewa Temporary failure resolving, duba cat /etc/resolv.conf a ciki. In baka ba kwantena DNS nata ba na uwa take ɗauka. Toh in uwa na da Tailscale misali, 100.100.100.100 za'a kwafo mata, ita kuwa bata da hanyar zuwa can. Gyara daga uwa:

pct set 101 -nameserver "1.1.1.1 8.8.8.8"
pct reboot 101

Shi ma resolv.conf Proxmox na sake rubuta shi, gyaran hannu baya zama. In apt na maƙalewa kan wani dogon adireshi mai digo biyu biyu, IPv6 yake nema, gwada apt -o Acquire::ForceIPv4=true update.

10. Ping na yi, komai na maƙalewa

Wannan yafi kowanne ban haushi. Ping lafiya, DNS lafiya, SSH ma ya shiga, amma da ka buga umarni mai dogon sakamako sai ya daskare, shafukan https su yi ta juyawa, apt ya tsaya a 0%. MTU ne, wato iyakar girman ƙunshin saƙo ɗaya. Kamar motar da aka yi wa lodi ya fi ƙofar gida tsayi ne, babur da keke suna ta shige da fice ita tana tsaye. Gwada daga cikin kwantena:

ping -M do -s 1472 1.1.1.1

1472 ɗin 1500 ne aka cire 28 na kan saƙo. In ya ƙi ka riƙa ragewa, 1464, 1422, 1392, 1372, har ya wuce, sai ka ƙara 28 a kan wanda ya wuce, MTU ɗinka kenan. Lambobin da zaka fi gamuwa dasu, 1492 a layin PPPoE, 1450 a VXLAN, 1420 a WireGuard, 1400 a vSwitch na Hetzner. Ka ƙara mtu=1400 ko abin da ka samu a layin net0 ka sake kunna kwantenar.

11. Tana fita amma ba'a samunta daga waje

Fara da ciki, ss -tlnp. In manhajar a 127.0.0.1 take sauraro ba wanda zai same ta ko uwa, sai an maida ta 0.0.0.0 a saitinta. In a bayan NAT take kuma dole uwa ta miƙa mata tashar:

    post-up iptables -t nat -A PREROUTING -i vmbr0 -p tcp --dport 443 -j DNAT --to 10.10.10.2:443

Ka gwada daga wajen gaske, da datar wayarka, ba daga kan uwar ba.

Ga masu sabar a gida ko ofis akwai wani shingen da ba naku ba. Layukan data na waya da ƙaramin tsarin Starlink galibi basa ba mutum adireshin waje nasa shi kaɗai, mutane da yawa ake haɗawa a bayan guda ɗaya. Shiga shafin rawuta ka duba adireshin WAN, ka gwada shi da abin da curl ifconfig.me ya nuna. In sun bambanta, musamman in na rawutar tsakanin 100.64 da 100.127 yake ko ya fara da 10, toh duk tashar da zaka buɗe a rawuta aikin banza ne. Mafita ko ka nemi adireshin waje daga mai baka intanet, ko Cloudflare Tunnel in shafin yanar gizo ne, ko Tailscale in ku kaɗai zaku riƙa shiga, ko ka kama ƙaramar VPS ka ja WireGuard zuwa can.

Tailscale da OpenVPN a cikin kwantena suna son /dev/net/tun, ita kuma ba'a bata shi sai ka ce. Ƙara layi biyun nan a /etc/pve/lxc/101.conf ka kashe ta ka kunna:

lxc.cgroup2.devices.allow: c 10:200 rwm
lxc.mount.entry: /dev/net/tun dev/net/tun none bind,create=file

12. Sake kunna uwa tun kana wurin

Duk dokar iptables da ka buga da hannu lokacin gwaji, da ip addr add da ip route add, a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke, wuta na ɗaukewa sun tafi. Ka tabbatar kowace ta shiga /etc/network/interfaces ko layin net0, ka duba Start at boot a kunne yake a Options na kwantenar, ka sanar da masu amfani da ita, sannan ka sake kunna uwar gaba ɗaya konsol na buɗe a gabanka. In ta dawo ka maimaita ping huɗun mataki na 4, ka buga iptables -t nat -S kaga ko wata doka ta fito sau biyu ko uku, in ta fito haka ka duba ko an rubuta ta a wuri fiye da ɗaya.